Canza firam ɗin baya da wutsiyar mashin: na kamfani, na aro, ko a kira mai walda?

Duk wanda ya daɗe da mashin ɗaya akwai ranar da zai faka shi ya koma gefe yana ƙare masa kallo, gaban ya yi masa, tankin ya yi masa, amma bayan nan sai ya ga kamar na wani aka ɗauko aka liƙa, ya yi faɗi ya yi tsawo ga madigadi yana reto kamar jelar kada. Wani kuma ba kwalliya ce ta dame shi ba, faɗuwa ya yi bayan ya karkace, yanzu in yana tafiya ɗuwawunsa na gefe guda taya na gefe guda. Ko wanne ne kai a ciki tambayar ɗaya ce, wane firam ɗin baya zan sa, kuma ta wace hanya.

Abin da nake nufi da firam ɗin baya shi ne ƙarafan nan da suka taso daga babban firam wajen ƙarshen tanki suka miƙe baya, su ke ɗauke da sit, da robobin wutsiya, da danja, da lamba, da wajen taka ƙafar mai goyo. Mutane suna kallonsa kamar rataya ce ta kayan ado, alhali kai kanka a kansa kake zaune. Wannan ita ce maganar da nake so ka riƙe kafin mu shiga zaɓi.

Abubuwan da za ka auna tukuna

Na farko, ka cire sit da robobin gefe ka leƙa, firam ɗin bayanka da kusoshi aka ɗaure shi ko walda aka yi masa da babban firam? Wannan kaɗai ya raba maka hanya biyu. Mashinan gudu irin su Yamaha R6 da Suzuki GSX-R, da SV650 na farko da ya fito a 1999, da tsofaffin BMW irin R80 da R100, duk da kusoshi ne, yawanci guda huɗu, biyu sama biyu ƙasa, ka kwance ka zare. Amma ƙananan mashina irin Honda CG125 da ire-irensa, har ma da wasu manya kamar Yamaha MT-07, bayan a haɗe yake da jikin firam, ba abin da za ka kwance, sai dai ka yanka. In naka na walda ne to fiye da rabin zaɓin da zan lissafo ba naka ba ne.

Na biyu, nauyi. Kai kaɗai kake hawa ko kana goyo, ko kana ɗaura kaya? Mai goyo yana zama ne can baya nesa da inda kusoshin suke, kaga nauyinsa ba a tsaye yake sauka ba, yana ɓanɓarar kusoshin sama ne kamar wanda ya saka ƙarfe a ƙarƙashin dutse yana dannawa, in kuma aka faɗa rami nauyin sai ya ninka na ɗan lokaci. Firam ɗin da zai riƙe mutum ɗaya lafiya lau zai iya tsagewa da mutum biyu.

Na uku, me da me ke zaune a cikin wurin. Wannan shi mutane ke mantawa. Batir, akwatin fiyus, rile wato ɗan makunnin da ke buɗe wuta yana rufewa da kansa, ƙwaƙwalwar injin wato ECU, wani lokaci rektifaya, wato mai daidaita wutar cajin batir, mai son iska ta riƙa bugunta don kar ta ƙone, da ɗan kofin man birkin baya, da makullin sit, sannan salansa ma sau da yawa a jikin biraket ɗin ƙafar mai goyo take rataye. In shok biyu ne da mashin ɗinka to kan shok ɗin ma a nan yake ɗaure, wanda ke nufin ba nauyinka kaɗai ba, duk dukan da hanya ke yi wa taya a nan yake ƙarewa.

Na huɗu, tazara tsakanin taya da ƙasan wutsiya. Tayar baya a mashin ɗin kwalta tana hawa sama wajen milimita 120 zuwa 130 in shok ya nutse har ƙarshe, na daji kuma ya fi haka nesa. Abin da ka gani a tsaye ba shi ne gaskiya ba.

Na biyar, in abin bai yi maka ba za ka iya komawa yadda kake? Da kuma doka da inshora. Lambar shasi dai a wuyan firam take can gaba, canza baya ba ya taɓa ta, amma ƙasashe da yawa suna ɗaukar yanka firam a matsayin babban sauyi, a Jamus misali sai masu duba ababen hawa irin su TÜV sun gani sun amince an shigar a takarda, in ba haka ba izinin hawa titi ya faɗi. Kuma kusan ko'ina ana buƙatar danja da sigina da fitilar lamba da madubin ja mai ƙyalli a baya, sannan lambar ta fito a karanta ta.

Sai kuɗi, da ƙarko, da sauƙin aiki, da haɗari, waɗanda zan bi kowane zaɓi da su.

Zaɓi na ɗaya: ka bar firam ɗin, ka canza sutura kawai

Na sa shi a farko ne don mutane da yawa da suke cewa firam suke so su canza, in ka zauna da su ka ji, madigadin nan mai reto da faffaɗar roba ne ke ba su haushi. Akwai ƙaramin biraket na lamba da ake sayarwa wanda ke maye gurbin madigadin, ka haɗa da siririyar danja da ƙananan sigina, ka kai sit a rage masa soso a gyara siffarsa, ko ka sa murfin roba a wajen zaman mai goyo. Kuɗinsa shi ne mafi ƙanƙanta, aikin yini ɗaya ne da sufana da sukudireba, ƙarfin firam yana nan yadda kamfani ya yi shi, kuma in ka gaji ka mayar da tsohon. Aibinsa biyu ne, tsawon bayan ba zai ragu ba, sannan ranar da aka yi ruwa taya za ta zana maka layin taɓo tun daga ƙugu har ƙeya. In ka sa sigina na LED kuma ka ga suna ƙiftawa da sauri kamar an tsorata su, ba lalacewa suka yi ba, wutar da suke ja ce ta yi kaɗan ga rilen da aka yi don ƙwan wat 10 ko 21, ka canza rile zuwa na LED magana ta ƙare.

Zaɓi na biyu: irin nasa na asali, sabo ko na hannu

Wannan na wanda ya faɗi ne. Ramukan kusoshi sun dace, wajen batir yana nan, wayoyi sun isa, ba tunani. Sabo daga kamfani yana da tsada, na hannu kuma da sauƙi amma ka tambayi kanka me ya sa aka cire shi daga wancan mashin ɗin, don galibi haɗari ne. Ka ɗora shi a kan shimfiɗaɗɗen wuri ka ga ko duk ƙafafunsa sun zauna, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa hagu da dama su zo ɗaya, ka duba bakin walda da gefen ramuka ko fenti ya yi tsagi-tsagi, don fenti ba ya tsagewa haka kawai. Wani lokaci na shekarar gaba ko ta baya na wannan samfurin yana shiga kai tsaye kuma da wutsiya mafi kyau, amma ka gwada lambar kayan kafin ka biya, kamanni a hoto ba hujja ba ce.

Zaɓi na uku: wanda wani kamfani daban ya ƙera don mashin ɗinka

Su ma kashi biyu ne kuma kar ka haɗa su. Akwai na tsere, na alminiyam, mara nauyi sosai, wanda aka yi don mutum ɗaya a filin gasa, ba wajen ƙafar goyo, ba wajen makulli, wani ko wajen danja babu. Akwai kuma na titi, kamar waɗanda ake yi wa tsofaffin BMW da sauran mashinan da ake mayarwa siffar kafe resa, salon nan da ya samo asali a Ingila a shekarun 1950 da 1960, su yawanci na ƙarfe ne kuma suna zuwa da sit ɗinsu. A kuɗin farko wannan zai iya fin kowanne, amma a ganina shi ne mafi gaskiyar farashi, abin da ka biya shi ne kusan duk abin da za ka kashe. Kusoshi huɗu ne, ka ajiye tsohon a ɗaki, ranar sayarwa ka mayar.

Maganar alminiyam da ƙarfe kuwa, alminiyam nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, 2.7 a kan 7.85 in aka auna girma ɗaya, shi ya sa masu tsere ke sonsa. Amma halinsu ba ɗaya ba, ƙarfe yana lanƙwasa ya ba ka gargaɗi kuma a miƙe shi, alminiyam kuwa girgiza na cinsa a hankali sai wata rana ka ga tsagi a bakin walda. Don kilo ɗaya ko biyu da za ka rage a mashin ɗin zuwa aiki, ni dai ban ga riba ba. Kuma ka karanta abin da mai ƙerawar ya rubuta, in ya ce na mutum ɗaya ne to na mutum ɗaya ne, kar ka ce ai yaro ne ba nauyi.

Zaɓi na huɗu: aro daga wani mashin daban

A nan zan daɗe, don shi ya fi jan mutane kuma shi ya fi cin su. Ka ga wutsiyar R6 ko ta wani mashin gudu siririya ta ɗaga sama, ka same ta da araha da firam ɗinta da sit da danja gaba ɗaya, sai zuciya ta ce ai ɗan biraket ne kawai. Ni ma haka tawa ta ce min.

Abu na farko da za ka tarar, ramuka ba sa haɗuwa, ba a faɗi ba ba a kusurwa ba. Sai an yanka farantan ƙarfe masu kauri an huda su zama gada tsakanin firam ɗinka da na aro, kuma duk nauyinka yanzu a kan farantan nan yake, don haka ba wajen saka ragowar langa-langa ba ne, kuma kusoshin su zama masu lambar ƙarfi 8.8 ko 10.9 a ka, da noti mai kulle kansa, a ɗaure su daidai ƙarfin da littafin mashin ya faɗa. Na biyu, bakin sit da tanki ba za su sumbaci juna ba, sai ka ga rami ya buɗe wayoyi na leƙowa, sai an sake yin ƙasan sit ɗin. Na uku tsayin zama ya canza, wutsiyar mashin gudu tana ɗaga ka sama ta tura ka gaba, ƙafarka da da take taka ƙasa sosai yanzu sai yatsu, hannunka kuma na ɗaukar nauyin da ba nasa ba.

Sannan ka san da wane ƙarfe aka yi na aron kafin ka kai giranda kusa da shi. R6 na 2008 misali firam ɗin bayansa na magnesiyam ne, ba irin abin da kowane mai walda zai taɓa ba ne, kuma garinsa yana kama wuta. Na alminiyam da aka zuba a mazubi shi ma ba a lanƙwasa shi, karyewa yake yi. Ba a kuma yi wa alminiyam walda da ƙarfe, sai dai kusa.

Ni inda tawa ta kama ni, na gama komai ya yi kyau a tsaye har na ɗauki hoto, na sa tafin hannu tsakanin taya da tiren batir ya shige na ce ai ya isa. Kwana uku na ɗauki ƙanina, muka hau wani tudun rage gudu ba ma da sauri, sai na ji ƙuuu a ƙarƙashina da warin roba, da na leƙa taya ta goge ƙasan tiren ya yi baƙi yana sheƙi, ta cinye tef ɗin da na naɗe wayoyin danja har jan ƙarfen ya fito. Da ta ƙara kaɗan batir za ta taɓa. Yadda ake yi shi ne a ɗaga mashin, a kwance shok ko a cire masa sifirin, a ɗaga taya da hannu har iyakar inda za ta kai, sannan a bar sarari ko da na yatsa biyu a sama da nan. Ban yi ba, na sake aikin daga farko. Da na gama kuma mashin ya ƙi tashi, yini guda ina bin fiyus, ashe ɗan akwatin nan ne mai kashe inji in mashin ya faɗi na ɗaura shi a kife, yana da rubutu a jiki da ke nuna sama, shi a ganinsa mashin ɗin a kwance yake.

Kuɗin saye kaɗan ne, kuɗin gamawa kuma ba ka san shi ba sai ka gama, faranti, mai walda, mai sit, mai waya, fenti don kala ta zo ɗaya. Araha ba ta ado. In an yi shi da kyau yana ƙarko kuma ba wanda zai zo da irin naka, in an yi shi da gaggawa shi ne mafi haɗari a duk jerin nan.

Zaɓi na biyar: a yanka a ƙera sabo

Ga mai firam na walda wannan ne kaɗai hanyar rage tsawo. Abin da aka saba shi ne a yanke bayan daga bayan inda kan shok yake, a sa lanƙwasasshen bututu mai siffar U, yawanci mai kaurin milimita 22 ko 25 gwargwadon na firam ɗin. Mai aikin ƙwarai ba ya haɗa baki da baki kawai ya yi walda, sai ya zura ɗan guntun ƙarfe a cikin bututun biyu ya haɗe su ta ciki, ya huda ƙananan ramuka ya cike su da walda, sannan ya zagaye. Kafin ya yanka kuma yana ɗaure ƙarfe tsakanin hagu da dama don kar su buɗe, kuma ba ya cire gadar da ke tsakanin kan shok biyu, in ya cire to ya mayar da wata. A cire tanki, a cire batir, a zare ECU kafin a kunna injin walda. In firam ɗinka na alminiyam ne ni shawarata ka haƙura da wannan, zafin walda yana rage masa ƙarfi sosai a gefen ɗinkin, ba aikin gwaji ba ne.

Kayan aikin ba tsada, hannun ne mai tsada, kuma a nan ne ba a neman ragi. Ka ce ya nuna maka aikin da ya yi a baya kafin a shafa fenti, waldar da aka goge aka cike da foti ba ka san me ke ƙarƙashinta ba. Babban abin shi ne ba komawa, in ka yanka ka yanka, darajar mashin a wajen mai saye na iya faɗuwa, mai inshora kuma in ba ka gaya masa ba ya samu ƙofar gudu ranar da ka fi buƙatarsa. Kar garin neman gira a rasa ido.

Ga su a jere

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari | Komawa baya |
|---|---|---|---|---|---|
| Canza sutura kawai | kaɗan | kamar na asali | sosai | ƙanƙani | eh |
| Irin na asali | sabo da tsada, na hannu da dama | mai kyau in bai karkace ba | da sauƙi | kaɗan | eh |
| Na wani kamfani don mashin ɗinka | da tsada amma a bayyane | na ƙarfe ya fi daɗewa | da sauƙi | kaɗan in ka bi iyakar nauyi | eh |
| Aro daga wani mashin | saye araha, gamawa tsada | ya danganta da biraket | da wuya | babba | eh in ba ka yanka kunnuwan firam da kusoshi ke shiga ba |
| Yanka da walda | kaya araha, hannu tsada | ya danganta da mai walda | sai gwani | babba | a'a |

To wanne ne naka?

In faɗuwa ka yi kuma mashin ɗin shi ne ƙafarka kullum, nemi irin na asali ka auna shi ka ɗaura ka ci gaba da harkarka. In kana goyo ko ɗaukar kaya, ka tsaya tsakanin na ɗaya da na biyu, ko na uku na ƙarfe wanda aka rubuta ƙarara cewa yana ɗaukar mutum biyu, sauran ka bar su. In siffa kake so kuma akwai yiwuwar ka sayar nan gaba, na uku ne, ka haƙura ka tara kuɗin, tsohon firam ɗin da robobinsa ka zuba a kwali ka ajiye har da kusoshinsa. Mai shiga filin tsere shi na alminiyam ya dace da shi, ya dai riƙa duba bakin walda duk bayan fita.

Na aro kuwa na wanda yake da wani abin hawan ne da zai yi amfani da shi makonni, yana da wurin aiki da haƙurin kwancewa da ɗaurawa sau biyar, kuma aikin kansa yana ba shi nishaɗi ba sakamakon kaɗai ba. In kai ne wannan to ka fara yanka biraket ɗin da kwali ko katako ka gwada zama a kai kafin ka taɓa ƙarfe. Yanka da walda kuma na bar wa mai tsohon mashin na ƙarfe wanda ba shi da niyyar rabuwa da shi, wanda ya riga ya bincika dokar inda yake, ya kuma samu mai waldar da ya ga aikinsa da idonsa. Shi ma kafin a sa giranda ya liƙa tef a inda za a yanka, ya ɗora sit ɗin a kai ya bar mashin ɗin haka kwana biyu yana kallo, in layin bai yi masa ba ya matsar da tef ɗin.